Daga Kano Zuwa Jidda

Tsakanin filin jirgin saman Kano da na Jidda akwai kimanin kilomita 3,400, tafiyar awa biyar ko ƙasa da haka. Kakanninmu kuwa shekaru suke yi a hanya, a ƙasa ko bisa jaki, ta Barno da Wadai da Darfur har Sawakin, bakin Bahar Maliya. In guzuri ya ƙare sai a yada zango a yi noma. Da yawa can suka zauna: bayan yaƙin Burmi na 1903, jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa garin Mai Wurno a Sudan.

Jirgi ya fara sauka Kano a 1925, amma jigilar alhazai ba ta kankama ba sai shekarun 1950. Daga nan hanyar ƙasa ta fara mutuwa, alhazanmu suka riƙa wuce garuruwan 'yan'uwansu ta sama.