Tsiron Babban Hanji Mai Bakin Zarto: Muhimmancin Komawa Asibiti Bayan An Cire Shi

Tsiron hanji wata 'yar tsoka ce da ke fitowa a bangon babban hanji ta ciki. Akwai nau'in da likitoci ke kira mai bakin zarto, domin idan aka duba shi da madubin likita, gefensa yana kama da haƙoran zarto. Shi kansa ba ciwon daji ba ne, amma wani irinsa yakan rikiɗe ya zama dajin hanji idan ya daɗe ba a cire shi ba.

Yadda ake gano shi

Ana gano shi ne ta binciken kolonoskofi, wato zura siririn bututu mai kyamara ta dubura domin duba hanjin, kuma galibi a nan take ake cire shi. Nau'in da ke rikiɗewa yakan fito a ɓangaren dama na hanji, a shimfiɗe, majina ta lulluɓe shi. Saboda haka yana iya ɓuya wa likita, ko a cire shi a bar saura.

Lokacin sake bincike

Haɗarin samun sabon tsiro mai tsanani ya fi yawa ga wanda tsironsa ya kai milimita 10, ko ƙwayoyinsa sun fara sauya kama, ko aka same shi tare da wani nau'in tsiro da ake kira adinoma. A shekarar 2020, kwamitin ƙwararrun likitocin hanji na Amurka ya tsara lokacin komawa ga masu wannan nau'i kamar haka:

1. Ƙananan tsiro 1 ko 2: bayan shekara 5 zuwa 10.
2. Ƙananan tsiro 3 ko 4: bayan shekara 3 zuwa 5.
3. Tsiron da ya kai milimita 10 ko ya fara sauya kama: bayan shekara 3.
4. Tsiron da ya kai milimita 20, aka cire shi gutsure-gutsure: bayan wata 6.

Kira ga jama'a

Muna tunatar da jama'a cewa tsiron ba ya yawan nuna alama, don haka jin daɗin jiki ba hujjar ƙin komawa ba ce. A adana takardar sakamakon bincike, a kuma kiyaye ranar da likita ya sa. Wanda ya ga jini a bayan gida kada ya ɗauka basir ne kawai, ya garzaya asibiti. Muna roƙon hakimai, dagatai da jami'an lafiya na ƙananan hukumomi da su isar da wannan saƙo ga al'ummarsu.