Asibiti Ba Ya Mutuwa Rana Ɗaya



A littattafanmu mun iya kashe mace a kan gwiwa. Naƙuda ta taso cikin dare, a nemi mota a rasa, a isa asibiti da ƙyar a tarar babu jini, babu likita, sai ma'aikaciya guda mai tsawa. Daga nan mu rufe babi da salati, mu ɗora laifin a kan talauci, ko mugun miji, ko kishiya. Abin da ba mu cika tambaya ba shi ne, shi wannan asibitin yaushe ya zama haka? An taɓa samun magani a cikinsa? Wa ya kawo, wa ya janye, kuma wa ya buɗe baki lokacin da ake janyewa? Makon nan Dutse muka nufa da ƙasar da ke kewaye da ita, su Kiyawa, Jahun, Miga da Birnin Kudu, mu ga yadda ake rage wa asibiti ƙarfi da yadda mutane suka riƙa tare abin.

Dole mu fara daga lokacin da babu Jigawa, duk yankin yana cikin Jihar Kano. Ranar 31 ga Disamba 1983, da Birgediya Sani Abacha ya karanta sanarwar kifar da gwamnatin Shagari a rediyo, cikin dalilan da ya lissafa har da cewa asibitoci sun koma wuraren ganin likita kawai, babu magani, babu kayan aiki. Farashin man fetur ya faɗi, aljihun gwamnati ya bushe. To amma sojojin da suka zo da wannan ƙorafi ba su ji daɗin jin sa daga bakin wani ba. A 1985 likitoci suka shiga yajin aiki kan halin da asibitoci ke ciki, gwamnatin Janar Buhari ta haramta ƙungiyarsu ta NMA, ta tsare wasu shugabanninta, cikinsu har da Dakta Beko Ransome-Kuti. A watan Agustan shekarar Babangida ya karɓi mulki, aka saki Beko, aka kuma naɗa yayansa, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya.

Olikoye mutum ne da ya yarda da ƙaramin asibiti. Ya ɗauki matsayar taron Alma-Ata na 1978 da gaske, cewa lafiya daga ƙauye take farawa: rigakafi, awon ciki, ruwan gishiri da sukari. Sai dai a daidai lokacin da yake wannan gini, gwamnatin da yake yi wa aiki ta shigo da tsarin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986. Darajar naira ta zube, alhali yawancin magani daga waje ake sayo shi. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka haɗu a Bamako, tare da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF, suka fito da dabarar asusun magani mai juyawa. A zuba wa asibiti jarin magani sau ɗaya, marar lafiya ya saya da ɗan sauƙi, kuɗin da aka tara a sake sayo wani.

Mu tsaya a nan kaɗan, domin duk wanda ya fahimci yadda wannan asusu ke mutuwa ya fahimci rabin labarin. Kwalin maganin da aka sayar a watan Janairu, kuɗinsa ba zai sayo kwali cikakke a watan Yuni ba idan naira ta sake faɗuwa. Ga wani babba ya aiko a ba ɗan uwansa bashi. Ga janareta babu mai, a ce a ɗan ranta daga kuɗin magani, za a mayar. Ga matar da ba ta da ko sisi, kuma ba a iya korarta. Babu wanda ya sa hannu a takarda ya ce a rufe ɗakin magani. Kanta ce kawai take raguwa, har ranar da malamin asibiti zai rubuta maka takarda ya nuna maka kemis ɗin tsallaken titi. Yankan da aka yi sanarwarsa ana iya yi masa zanga-zanga. Wanda ya zo da rarrafe, kafin a farga ya zama al'ada.

Ranar 27 ga Agusta 1991 aka ƙirƙiro Jigawa, aka ba Dutse hedikwata. Sabuwar jiha ta gaji asibitoci masu iyayen gida barkatai: ƙananan na ƙaramar hukuma ne, manyan na jiha, rigakafi kuma da wasu shirye-shirye daga tarayya ko masu ba da agaji. Ma'aikacin ƙaramin asibiti a ƙauyen Miga shugaban ƙaramar hukuma yake kallo, likitan babban asibiti kuma ma'aikatar lafiya a Dutse, ga shi marar lafiyar ɗaya ce take ratsa su duka. A tsakiyar shekarun 1990 hukumar PTF, wadda Abacha ya ɗora Buhari a kanta, ta raba magunguna da kayan aiki a faɗin ƙasa. Da Obasanjo ya zo a 1999 ya rushe ta. Ka ga salon da za mu yi ta gani ke nan: abu ya zo da suna da tambari, ya tafi tare da wanda ya kawo shi.

Babban yunƙurin da Jigawa ta yi na karya wannan salo shi ne tsarin Gunduma. A 2007, shekarar da Sule Lamido ya hau, aka kafa shi da doka, bayan aikin share fage da aka yi da shirin PATHS na gwamnatin Birtaniya. Aka kasa jihar gunduma tara, kowace ta haɗa ƙananan hukumomi 'yan kaɗan, aka sa ƙananan asibitoci da manyan na yankin ƙarƙashin jagoranci ɗaya, da hukuma guda a Dutse mai kula da ma'aikata da kuɗi. Hikimar a fili take. Wanda ke da alhakin ɗakin awon ciki na ƙauye shi ne kuma ke da alhakin ɗakin tiyatar da za a tura matar idan haihuwa ta gardama, don haka ba shi da wanda zai tura wa laifi. Abin ya ja hankali har a Abuja. Lokacin da Majalisar Lafiya ta Ƙasa ta amince a 2011 da manufar tattara kiwon lafiya matakin farko a inuwa ɗaya, Jigawa na cikin misalan da aka dogara da su.

Bayan sauyin gwamnati na 2015, zamanin Badaru Abubakar, aka ajiye Gunduma, aka kafa hukumar kula da lafiya matakin farko irin ta sauran jihohi, manyan asibitoci suka koma hannun ma'aikata. Akwai hujja: tsarin tarayya irin wannan hukuma yake nema kafin jiha ta ci moriyar wasu kuɗaɗe. Amma a ganinmu an yi asarar wani abu, wato igiyar da ta ɗaure ƙaramin asibiti da babba. Abin lura ga mai rubuta tarihi shi ne, ko doka ba ta hana a sauya tsari ba. Ta dai sa sai an bi ta majalisa kafin a sauya, ba a wayi gari kawai an ga babu ba.

Akwai kuma abin da aka gina ba da bulo ba. A shekarun da shirye-shiryen PATHS da PRRINN-MNCH ke aiki a jihar, da shirin Haihuwa Lafiya na gwamnatin jiha, an shiga ƙauyuka an koya wa maza da mata alamomin haɗari ga mai ciki: zubar jini, jijjiga, doguwar naƙuda. Aka kafa asusun gaggawa na gari, aka samu masu ba da jini, aka nemi magidanta su bar izini a gida cewa ko ba sa nan a kai matar asibiti. Sannan aka jawo direbobin ƙungiyar NURTW. Direba ya yarda a tashe shi ko tsakar dare ne ya kai mai naƙuda a kuɗin mai, ladansa a tasha shi ne a ba shi lodi ba tare da ya bi layi ba. Duba wannan dabara da kyau. Ba daga Landan ake biyan ladan ba, daga tashar mota ne, kuma tasha ba ta da ranar rufe shiri. Kwamitocin asibiti da na ci gaban mazaɓa su ma daga wannan tunani suka samu ƙarfi, tunda mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Inda kwamiti ke da rai, shi ke ƙirga magani, shi ke zuwa sakatariya idan an ɗauke ungozoma ba a kawo madadinta ba. Inda aka kafa shi don a cika takarda, yana watsewa ranar da kuɗin zama ya ƙare.

Jahun labarinta daban ne. Tun 2008 ƙungiyar likitocin sa-kai ta MSF take aiki a babban asibitin garin tare da ma'aikatar lafiya ta jiha, tana karɓar haihuwa mai matsala, tana kula da jarirai, tana yi wa masu yoyon fitsari aiki, duk kyauta. Mata na zuwa daga nesa, har daga wajen jihar. Daga baya ƙungiyar ta miƙa hannu zuwa ƙananan asibitoci irin na Aujara da Miga, don a rage masu isowa Jahun bayan aski ya riga ya zo gaban goshi. Abin da ya sa aikin ya daɗe haka, kusan duk kuɗin MSF daga ɗaiɗaikun masu ba da gudummawa yake fitowa, ba daga baitulmalin wata gwamnati ba, don haka zaɓe a Amurka ko Ingila ba ya kashe mata fitila kai tsaye. Duk da haka kayan aro ne. Cunkoson da ake gani a Jahun yabo ne ga asibitin, kuma shaida ce a kan sauran wuraren da matan suka wuce kafin su iso.

Fafutuka ta a-fito-a-gani kuwa a Abuja aka yi ta, amma amfaninta har ƙauyen Kiyawa. A Afrilun 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa za su riƙa ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu ga lafiya. Alkawari ne, ba mai kai ka kotu. Shi ya sa ƙungiyoyi irin su HERFON suka shafe kusan shekara goma suna neman dokar lafiya ta ƙasa. A Mayun 2011 mata, da yawansu 'yan kasuwa, suka yi dafifi a Majalisar Tarayya, aka zartar da ƙudurin, Shugaba Jonathan bai sa hannu ba. Aka sake sabon lale, sai a ƙarshen 2014 ya zama doka. Dokar ta ce a ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga asusun kula da lafiya na matakin farko. Sai da aka ƙara shekaru ana matsa lamba kafin kuɗin ya bayyana a kasafin 2018, naira biliyan 55. A 2020, ana tsakiyar korona, gwamnati ta kawo kasafin da aka yi wa kwaskwarima, ta rage asusun daga biliyan 44.4 zuwa 25.5, tana cewa ai kaso ne, kuɗin shiga ya ragu. Ƙungiyoyi suka yi ca, suna nuna biliyoyin da aka bar wa gyaran ginin majalisa. Da babu dokar, da babu ma lambar da za a nuna a ce an rage.

A Dutse irin wannan aiki ba shi da hayaniya. Gamayyar JiMAF, wadda ta haɗa ƙungiyoyin fararen hula da 'yan jarida da ma'aikatan lafiya, aikinta bin sawun alkawuran gwamnati ne kan lafiyar mata da yara: zama da kwamitin majalisar jiha, ziyarar asibitoci, magana a rediyo. Yawancin gardamar a kan kalmomi biyu take, waɗanda ya kamata kowane marubuci ya rarrabe, wato warewa da saki. Gwamna zai iya ware wa shirin haihuwa kyauta maƙudan kuɗi a watan Disamba, a tafa masa, jaridu su buga. Ko an saki kuɗin, sai wanda ya koma ya duba a watan Satumba zai sani. Mu kuwa mun fi son ranar tafi, domin ta fi daɗin rubutawa.

Yanzu guguwar daga waje take kaɗowa. Birtaniya, wadda ta daɗe tana tallafa wa gyaran harkar lafiya a Jigawa, ta rage agajinta daga kashi 0.7 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasarta zuwa 0.5 a 2021, kuma a Fabrairun 2025 ta sanar da cewa zai koma 0.3 daga 2027. A Janairun 2025 Shugaba Trump ya dakatar da agajin Amurka, kafin tsakiyar shekara an rushe hukumar USAID. Majalisar Tarayya ta ƙara dala miliyan 200 a kasafin lafiya na 2025 don toshe giɓin. Wannan ma warewa ce.

Jigawa, kamar sauran jihohi, tana wallafa rahoton aiwatar da kasafi duk bayan wata uku a intanet. Da Turanci yake, cike da lambobi ƙanana. A layin ma'aikatar lafiya da na hukumar lafiya matakin farko akwai gurbin abin da aka ware, a gefensa kuma gurbin abin da aka kashe zuwa ƙarshen watannin.