Garkuwa ko Takobi? Muhawarar Amurka da Tarayyar Sobiyet kan Kariya daga Makaman Nukiliya

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala za ta waiwayi wata muhawara ta zamanin Yaƙin Cacar Baka, wato ko ya dace ƙasa ta girka na'urorin kakkaɓo makamai masu linzami na nukiliya kafin su faɗo mata. Abin lura a ciki shi ne yadda manyan ƙasashen biyu suka yi musanyar matsayi cikin shekara 16 kacal, alhali hujjojin suna nan yadda suke.

2.0 Daga Glassboro zuwa yarjejeniyar 1972

A watan Yuni na 1967 Shugaba Lyndon Johnson ya gana da Firayim Minista Aleksei Kosygin a garin Glassboro na Amurka. A lokacin Sobiyet ta riga ta fara gina wa birnin Mosko irin wannan kariya. Sakataren tsaron Amurka, Robert McNamara, ya yi ƙoƙarin nuna wa baƙon cewa aikin ba zai haifar da komai ba sai tseren makamai. Kosygin bai yarda ba, domin a ganinsa babu laifi ga wanda ya kare kansa.

A zahiri maganar Kosygin ta fi kwanta wa mai sauraro, kuma a nan masanin harshe zai ga ƙarfin kalmar "kariya", wadda ke sa duk mai sukarta ya yi kama da mai son zub da jini. Sai dai hujjar McNamara ta fi zurfi. Zaman lafiyar wancan zamani ya dogara ne ga tabbacin cewa duk wanda ya fara kai hari za a rama masa har ya halaka. Jarumin da ya sami garkuwa kuwa yana iya fara sara, don ya san ramuwar da ta rage ba za ta kai gare shi ba. Abokin gabarsa, da ya fahimci haka, sai ya ƙara yawan makamansa, kuma ƙarin makami ya fi gina garkuwa araha. Haka aka gani a 1970, lokacin da Amurka ta fara ɗora kawunan bom uku a kan makami guda na Minuteman III.

Daga ƙarshe Mosko ta sauko. A watan Mayu na 1972 Richard Nixon da Leonid Brezhnev suka sa hannu kan yarjejeniyar da ta taƙaita wa kowace ƙasa sansanin kariya biyu, sannan aka mai da su ɗaya a 1974. Na Amurka, a jihar Dakota ta Arewa, ya fara aiki a 1975, aka rufe shi a 1976.

3.0 Juyawar matsayi

Ranar 23 ga Maris 1983 Shugaba Ronald Reagan ya gabatar da shirin garkuwa daga sararin samaniya, wanda masu suka suka laƙaba wa sunan fim ɗin Star Wars. Wannan karon Amurka ce ke maganar ɗa'a, Sobiyet kuma ta ɗauki lissafin McNamara. A taron Reykjavik na Oktoba 1986 Reagan da Mikhail Gorbachev sun kusa amincewa da gagarumin rage makamai, amma aka watse saboda Gorbachev ya dage a tsare shirin a ɗakin gwaji, Reagan ya ƙi. A ganin mai wannan nazari, wanda yake jin fasaharsa tana gaba shi ke yabon garkuwa, wanda ke tsoron a bar shi a baya kuma shi ke tuna haɗarinta.

Garkuwar Reagan ba ta taɓa tabbata ba. A Disamba 2001 George W. Bush ya ba da sanarwar fita daga yarjejeniyar 1972, bisa hujjar barazanar ƙasashe irin su Koriya ta Arewa, fitar kuma ta tabbata a Yuni 2002. A Maris 2018, yayin da Vladimir Putin ke gabatar da sababbin makamai irin su Avangard, waɗanda aka ƙera don su kauce wa kakkaɓowa, wannan fitar ce ya ambata a matsayin dalilinsa.