Tarihin Binciken Iskar Kabon a Tekunan Ƙanƙara

Tekuna na shanye kusan kashi ɗaya cikin huɗu na iskar kabon dayoksaid da ɗan'adam ke fitarwa. Ruwan sanyi ya fi na ɗumi riƙe ta, kamar yadda lemon kwalba mai sanyi ke riƙe gas ɗinsa. Shi ya sa masana suka daɗe da sa ido kan tekun Aktik a ƙuryar arewa, da Tekun Kudu da ya kewaye Antatika.

A 1957 Roger Revelle da Hans Suess suka nuna cewa teku ba ya haɗiye iskar da saurin da ake zato. Daga baya Taro Takahashi na Jami'ar Kolumbiya ya shafe shekaru yana tattara awon jiragen ruwa, har ya fitar da taswirorin inda teku ke sha da inda yake amayarwa. Sai dai da wuya jirgi ya kutsa cikin ƙanƙara da hunturu, don haka yankunan biyu suka zama giɓi. Aka ɗauka ƙanƙara ta toshe komai, ba shiga ba fita.

Tun 1979 taurarin ɗan'adam ke auna ƙanƙarar Aktik, ana ganin tana ja da baya. A Satumban 2012 ta ragu zuwa kimanin murabba'in kilomita miliyan 3.4. Wasu suka yi hasashen cewa ruwan da ya buɗe zai sha iskar da yawa. Zancen ya yi daɗin ji, amma awo ya rage masa armashi. Wei-Jun Cai da abokan aikinsa sun bi jirgin Sin mai fasa ƙanƙara, Xuelong, a 2008, suka buga sakamakon a mujallar Science a 2010. Ruwan narkakkiyar ƙanƙara ba shi da gishiri sosai, bai kai ruwan ƙasa nauyi ba, sai ya kwanta a sama bai gauraya ba. Wannan siririn ruwan nan da nan yake ƙoshi da kabon, ga rana na ɗumama shi, ga ƙarancin abincin ƙananan tsirran teku da za su zuƙe iskar. Abin da ya shiga ɗin ma tsami yake ƙara wa ruwan, wanda ke cin ɓawon ƙananan halittu.

An kuma gano ita kanta ƙanƙarar ba a toshe take ba. Tana da 'yan ƙananan magudanai cike da ruwan gishiri, wanda ke nutsewa ƙasa da kabon a cikinsa.

A kudu labarin ya yi ta juyawa. Tekun Kudu kaɗai na ɗaukar kusan kashi 40 cikin ɗari na kabon ɗan'adam da tekuna ke sha. A 2007 Corinne Le Quéré ta ba da rahoton cewa shansa ya yi rauni, domin iskar da ke kaɗawa daga yamma ta ƙara ƙarfi tana tono ruwan ƙasa mai cike da tsohon kabon. A 2015 Peter Landschützer ya nuna ya farfaɗo tun wajen 2002. Na'urori masu yawo a ruwa na shirin SOCCOM, da aka fara sakawa a 2014, sun nuna tekun na amayar da iskar da hunturu fiye da yadda aka lissafa. A ɓangaren ƙanƙara kuwa, a Fabrairun 2023 ƙanƙarar tekun Antatika ta ragu fiye da duk abin da taurarin suka taɓa aunawa kafin nan.