Kitso a Ɗanbatta, daga zamanin doka zuwa yau

Wanzami ne ke fara taɓa kan ɗan Bahaushe. Ranar suna zai zo da askarsa ya sauke gashin da jariri ya zo da shi duniya, mace ce ko namiji. Daga nan sai hanya ta rabu. Namiji ya ci gaba da zama a hannun wanzami, a da a bar masa zanko ko tukku, har ya girma ya koma ƙwal-kwabo a ƙarƙashin hula. Mace kuwa, da zarar gashinta ya kai a kama, ta zama tamu, mu makitsa, kuma ba ta barin hannunmu sai tsufa ya kwashe gashin.

Wanzamai suna da Sarkin Aska, suna da kiɗansu da kirarinsu. Mu ba mu da ko ɗaya. Sana'armu ta tsakar gida ce, a inuwar darbejiya ko a bakin ɗaki, inda namiji ba ya shiga, shi ya sa masu rubuta tarihi suka wuce ta. Ɗan abin da aka rubuta, baƙi ne suka rubuta shi. Baturen nan Hugh Clapperton da ya shigo Kano a 1824 ya ba da labarin cewa matan ƙasar nan suna rina gashinsu da shuni har ya yi shuɗi. Da na ji wannan ban yi mamaki ba, domin tsofaffin gidanmu sun sha gaya mana cewa iyayensu suna kwaɓa shuni da man shanu su shafe kitso da shi, ya riƙa sheƙi kamar rawanin ɗan Kura. Sauran tarihin yana bakin mata, kuma daga can na ɗebo nawa.

Kakata, wadda a wurinta na koyi kama gashi, ta yi zamanin doka. Doka kitso ne da ake tayarwa a tsakiyar kai, daga goshi har ƙeya, a cusa masa tsumma ko matashi a ciki ya tsaya da tudu, sannan a bi gefe da gefe da ƙananan zane. Aikin yini guda ne. Wadda aka yi wa sai ta koyi kwanciya da shi, domin ba kitson mako ɗaya ba ne, ana iya cin wata ko fiye ba a tsefe ba. Matan Fulanin da ke kawo nono da man shanu kasuwar Lahadi su kuma da nasu, mai jelar da ke sauka ta gefen kunne, wani lokaci da azurfa ko tsabar kuɗi a jiki. Garin Dambazawa ne namu, Fulani da Haɓe sun daɗe da cakuɗuwa, saboda haka makitsiyar Ɗanbatta dole ta iya gashi iri biyu: mai santsi da ke zamewa daga yatsa, da mai ƙarfi, cunkus, wanda in ka ja shi ya miƙe, ka saki ya koma ya nannaɗe.

Wannan na biyun shi ne gashin yawancinmu, kuma a kansa aka gina duk ilimin sana'ar. Kayan aikin ba su da yawa. Matsefata ko tsinken ƙarfe na tsaga da tsifa, mataji na katako mai faffaɗan haƙora, kasko da mai a ciki. Amma kafin a kai ga kitso akwai wankin kai, kuma a nan gwanintar take. Ana jiƙa karkashi, wannan dai da muke miya da shi, a ɗan jefa masa kanwa kaɗan, sai ya saki yauƙi. Da yauƙin nan ake warware gashi tun yana jiƙe, da yatsu tukuna, daga baki zuwa tushe, kafin mataji ya shiga. Wasu da ganyen magarya suke yi, a daka a kaɗa ya yi kumfa. In kai ya yi datti sosai a sa sabulun salo. Bayan nan sai man shanu, ko man kaɗanya da fatake ke kawowa daga kudu, a bi tsaga-tsaga ana murzawa. Ban taɓa ganin kakata ta sa mataji a busasshen kai ba. In yarinya ta zo da kai a bushe tana sauri, sai ta ce, "Je ki jiƙo shi, 'yar nan, ba kaba nake saƙa ba."

Daga baya na fahimci dalilin kowane mataki. Silin gashinmu ba zagayayye ba ne, shafaffe ne, kuma yana murɗewa tun daga cikin fata. Kowace lanƙwasa wurin rauni ce, nan yake karyewa. Maiƙon da fatar kai ke fitarwa ba ya iya bin lanƙwasar nan har ya kai baki, shi ya sa bakin gashin kullum a bushe yake. Ga hunturu da ke shanye duk wata laima daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ga zafin bazara. Gashin kowa yana tsiro kusan santimita guda a wata, namu ma haka. Abin da ke hana shi tsawo karyewa ce. Ruwa, yauƙi, mai, sannan a kitse shi a ƙyale shi ya huta: iyayenmu ba su shiga aji ba, amma babu abin da likitan fata zai ƙara a kan wannan tsari.

Addini ma ya shiga cikin yadda muke kama gashi. A mazhabar Malikiyya da muke bi, mace ba sai ta tsefe kitso ba in za ta yi wankan tsarki, muddin ruwa zai ratsa ya kai ga fata. To, wannan sharaɗi ya zama ma'auni a hannun makitsiya mai tsoron Allah: kada ta ɗaure kitso tamau har ruwa ya kasa shiga, kada ta cika shi da zare. Ga kuma lokutan da kitso ke da matsayi. Akwai na amarya bayan an sa ta a lalle, akwai na maijego ana gobe suna, akwai na mai takaba wanda ba ado a cikinsa har wata huɗu da kwana goma su cika. Na sallah kuwa ba a magana, har asuba ana layi. Gashin da ya zube wurin tsifa ba a barinsa a ƙasa. Mai shi za ta dunƙule abinta ta binne ko ta cusa a tsagar bango, don gudun sammu. Har yau tsofaffi ba su daina ba.

Lada a wancan lokacin ba ciniki ba ne. Goro ne, ko kwanon gero bayan kaka, ko 'yan kwabbai, ko kuwa yau na yi miki gobe ki yi mini. Matar da ke cikin kulle da wannan take tara na kayan ɗakin 'yarta, kamar yadda maƙwabciyarta ke tarawa da ƙuli-ƙuli ko dakau. Kuma mace ba ta canja makitsiya da wasa. Wadda za ki ɗora kanki a cinyarta sa'o'i, ta ga amosaninki da furfurarki ta fari, ta ji abin da ke tsakaninki da kishiya, ba kowa ba ce. Ana cewa wance hannunta yana sa gashi, wance nata yana cinyewa. Ni dai a ganina ba wani asiri a ciki: ɗaya tana kamawa da sauƙi ne, ɗaya tana ja.

Sauyi ya biyo jirgin ƙasa. Dogo ya iso Kano a 1911, Sabon Gari ta kafu, kantunan Turawa suka kawo baselin da man kanti mai ƙamshi, 'yan koli suka shigo da su har kasuwarmu. Man shanu ya fara zama abin kunya, wai yana wari. Matan kudu suka zo da kitson zare, da shuku, da kalaba. Doka ta ja baya a hankali, domin tana da nauyi, tana cin lokaci, kuma 'yan mata sun ce ta tsofaffi ce. Da aka buɗe shirin ilimin firamare kyauta a 1976, yara mata suka cika makarantu, sai kitso ya koma na mako-mako: a faɗi irin wanda za a yi, ranar Litinin a duba kai. Wannan ya kawo mana aiki, ba na musu. A makarantun kwana kuma yara suka riƙa yi wa juna, salon wani gari ya shiga wani gari cikin zango guda.

Abin da ya fi girgiza sana'ar shi ne rilaksa. Asalinsa daga Amurka ne, inda wani baƙar fata mai suna Garrett Morgan ya fara sayar da man miƙar da gashi tun farkon ƙarni na 20, daga baya irin su Dark & Lovely suka cika duniya. Ya same mu a shirye. Mun riga mun sha kallon finafinan Indiya, littattafan soyayya da suka yi tashe a Kano daga shekarun 1980 kuma kusan kowace tauraruwa a cikinsu gashinta har gadon baya yake, baƙi wuluk mai santsi. Yarinya ta karanta, ta dubi madubi, ta ga nata a dunƙule, sai ta ɗauka nata ne ke da aibu. Aka fara zuwa salun a birni, daga baya shaguna suka buɗe a nan cikin gari da draya da janareta, har ta kai ana sayo robar a kasuwa a shafa wa juna a gida, a bar shi a kai sai ya fara cizo.

Sinadarin da ke cikin rilaksa mai ƙarfi shi ne sodar nan da ake sabulu da ita. Yana karya ƙullin da ke riƙe da lanƙwasar gashi, kuma abin da ya karye ba ya komawa. Bayan wata biyu sabon gashi ya tsiro da ƙarfinsa, mahaɗar tsoho da sabo ta zama wurin tsinkewa, dole a sake shafawa. Mu da kawuna ke zuwa hannunmu mun ga sakamakon tun kafin a rubuta shi: ƙuna a fata, ɓawon ciwo, gashi ya yi ja ya sirance, ƙeya ta guntule. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yara 'yan shekara biyar da shida da uwayensu ke shafa wa don kawai su daina kuka wurin taje kai. Haka aka tashi da mata da yawa da ba su taɓa sanin kamannin gashinsu na ainihi ba, balle yadda ake lallaɓa shi. A 2022 wani bincike na hukumar lafiya ta Amurka da ya bi mata fiye da 33,000 na kusan shekara 11 ya nuna cewa masu yawan amfani da man miƙar da gashi, fiye da sau huɗu a shekara, haɗarin kamuwa da sankarar mahaifa a wurinsu ya ninka na waɗanda ba sa amfani da shi fiye da sau biyu. Masu binciken sun ce alaƙa suka gani, ba su yanke cewa shi ne sanadi ba, amma ni ya ishe ni dalilin hana 'ya'yana.

Sai dai ba rilaksa kaɗai ya ci gaban goshin matanmu ba, hannun makitsa ma yana ciki. Da kuɗi ya shigo, mai kitso ta fara son nata ya fi na kowa daɗewa da tsari, mai kai kuma tana cewa, "Yaya, ki ja shi sosai, biki ne da ni." Aka koma ƙanana-ƙanana, ana tsinto har gashin jarirai na bakin goshi ana cusawa. Fata ta yi ƙuraje, mace ta kwana da ciwon kai tana shan magani, ta ce ai kyau sai da wahala. Wata likitar fata a Afirka ta Kudu, Nonhlanhla Khumalo, ta duba mata a wata unguwa ta birnin Kef Tawun a 2007, ta samu kusan ɗaya cikin uku gashin gaban goshinsu ya zube saboda ja, kuma abin ya fi muni in aka ja gashin da aka riga aka shafa wa rilaksa. In aka daina da wuri yana dawowa. In aka daɗe, tushen ya mutu, ba man da zai tayar da shi, komai tsadarsa. Ƙarin gashi na roba da ya mamaye kudu bai kama sosai a nan ba, saboda hadisin da ya tsine wa mai ƙarawa da wadda aka ƙara wa, kuma na tabbata wannan ya tsirar da goshi masu yawa daga nauyinsa.

Yaɗuwar hijabi, musamman bayan dawo da shari'a a Kano a 2000, ta sa wasu suka zaci kitso zai mutu. Bai mutu ba, domin tun asali don cikin gida ake yinsa. Matsalar da ta zo ita ce ta rufe kai da jiƙaƙƙen gashi, da ɗaurin ɗankwali tamau a wuri ɗaya kullum, da barin kitso wata biyu tunda ba mai gani. Amosani da warin kai daga nan suke.

Yanzu kuma ga waya ta juyo da akalar. 'Yan mata suna gani a TikTok da Instagram cewa baƙaƙen mata a Amurka da Ingila sun bar rilaksa sun koma gashinsu na halitta, sai su ma suka fara yanke ƙonannen suna renon sabo. Ina murna da wannan har zuciyata. Suna zuwa mini da garin cebe na Chadi, da man karkar, da hulba, da ruwan shinkafa, da robobi masu tsada. In na karanta abin da ke cikin robar sau da yawa man kaɗanya ne a sahun gaba. Nakan ce musu su saya in suna da hali, amma su fara da karkashin da ke bayan gidansu, su koyi warware gashi yana jiƙe, su raba shi gida huɗu kafin su wanke, su kwana da ɗankwali mai santsi, kada kitso ya wuce mako biyu zuwa uku. Yaran da nake koya wa sana'a kuwa, sai na ga sun iya wanke kai da tsifa ba tare da an yi kuka ba kafin in bar su su tsaga.

Abin da ke damuna shi ne dokar kanta da sauran kitson da. Mai ɗaukar hoto J.D. 'Okhai Ojeikere ya fara bin kawunan matan Nijeriya da kyamara a 1968, ya tara hotuna kusan dubu, yau ana nuna su a manyan gidajen tarihi na duniya. Mu a nan ba wanda ya yi mana irin wannan aiki gida-gida. A ƙauyukanmu, wajen Ajumawa da Sansan da Gwarabjawa da Fagwalawa, akwai sauran tsofaffin da hannunsu ya san yadda ake tayar da doka da yadda ake kwaɓa shuni, amma idonsu ya fara rauni, kuma ba wadda ta zauna ta koya. Ɗalibai mata na sashen Hausa a Jami'ar Bayero za su iya shiga gidajen nan inda namiji ba zai shiga ba, su ɗauki hoton aikin daga tsagar farko har ƙarshe, su rubuta sunan kowane salo daga bakin mai shi, a ajiye a Gidan Makama. Ni zan raka duk wadda ta zo, na san ƙofofin da za a yi sallama.