Bindiga mai aiki da hayaƙi da mai aiki da bugun baya

Bindigar mafarauta da aka saba gani a ƙauyukan Djougou, sai an sake ɗura ta da hannu bayan kowane harbi. Ta soja kuwa da kanta take fitar da kwanso ta ɗauko sabon harsashi, ta ɗaya daga hanyoyi biyu.

Ta farko hayaƙin albarushi ne. Akwai ƙaramar kafa a jikin bututun da ke karkatar da wani ɓangaren hayaƙin ya tura fistan baya, sifirin ya mayar da shi. Haka Kalashnikov ta 1947 take, wadda ake gani a kafaɗar sojojin Benin, daga barikin Séro Kpéra na Parakou har zuwa dakarun Mirador da aka tura arewa a 2022. Sassanta ba su matse juna ba, shi ya sa ƙurar hunturu ba ta cika tsayar da ita ba, sai dai hanyar hayaƙin na tara baƙi.

Ta biyu tana amfani da ƙarfin da ke tura bindiga baya lokacin harbi. Maxim ta 1884, irin wadda Turawan Ingila suka kai Sakkwato a 1903, da shi take aiki. Yau an fi samunsa a ƙananan bindigogi, waɗanda kan sarƙe in hannu bai riƙe da ƙarfi ba.

Haɗarinsu ɗaya ne: ko an cire gidan harsashi, guda na iya saura a ciki, kuma taɓa kunama zai tayar da shi.