Ziyarar Koburg ta 1860: Labaran da Sarauniyar Ingila Ta Tarar a Gidan Dangi

Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake. A wannan fitowa za mu dubi wata ziyarar dangi da aka yi a Turai, zamanin Sarauniya Biktoriya, wadda ta mulki Ingila daga 1837 zuwa 1901.

Auren Biktoriya da Yarima Albat, wanda aka ɗaura a 1840, auren zumunci ne, domin mahaifiyarta da mahaifinsa wa da ƙanwa ne. Asalinsu Koburg, wata ƙaramar masarauta a ƙasar Jamus. A 1858 suka aurar da babbar 'yarsu, mai sunan uwarta, ga yariman Furusiya, tana da shekara 17. Tun daga nan uwa da 'ya suka riƙa musayar wasiƙu, har suka tara dubbai. A Janairun 1859 'yar ta haifi ɗa namiji, Wilhelm, bayan naƙuda mai tsanani da ta bar masa lahani a hannun hagu. Kakar tana samun labarinsa a takarda, amma ba ta taɓa sa shi a ido ba.

A watan Satumba na 1860 aka shirya haɗuwar iyali a Koburg, inda Ernest, yayan Albat, yake sarauta. Suna kan hanya sai labari ya riske su ta wayar tangaraho cewa matar mahaifin Albat, Mari, ba ta da lafiya, can kuma aka ce ta rasu ranar 24 ga watan. To, ziyarar da aka shirya don murna, da zaman makoki aka buɗe ta.

Duk da haka, a nan ne Biktoriya ta fara ganin jikanta, yana da kamar wata 20 a duniya. Ta rubuta a littafin da take ajiye labarin kowace rana cewa yaro ne kyakkyawa mai ƙiba, ta kuma nuna irin farin cikin da ta yi.

Ranar 1 ga Oktoba wani abu ya sake faruwa. Albat yana cikin keken da dawaki huɗu ke ja, sai dawakin suka firgita suka sheƙa da gudu, suka nufi wurin da hanya ta ƙetare layin dogo, ga wata amalanke tsaye tana jira. Da ya ga ba makawa, sai ya yi tsalle ya dira. Ya tsira da ƙujewa da 'yan raunuka, doki ɗaya kuwa ya mutu.

A bakin mutane an ce ya tsallake rijiya da baya. Amma waɗanda suka san shi tun yana yaro sun ga abin da ya fi raunin. Tsohon likitan nan mai ba shi shawara, Stockmar, ya lura jikinsa ya yi laushi ƙwarai, har ya ji tsoron cewa in wata babbar cuta ta kama shi ba zai tashi ba. Ernest ma ya ba da labari daga baya cewa suna tattaki gab da rabuwa, sai ya ga ƙanensa yana hawaye, yana cewa ba zai sake ganin mahaifarsa ba.

Haka kuwa aka yi. A Maris na 1861 mahaifiyar Biktoriya ta rasu, ranar 14 ga Disamba kuma Albat ya bi ta, yana da shekara 42.

Idan muka lura, gidan nan ba su rasa hanyar aika saƙo ba: ga gidan waya, ga tangaraho, ga jirgin ƙasa. Amma gajiyar Albat sai da aka zauna da shi aka gane ta, jikan ma sai da aka je aka san kamanninsa. Gani ya kori ji. Mu da muke gaisawa da danginmu ta waya kullum, ya kamata mu tambayi kanmu yaushe rabonmu da mu taka mu je mu gan su.

Wilhelm kuwa ya girma ya zama sarkin Jamus a 1888. Da ya ji kakarsa tana kwance, ya baro ƙasarsa ya zo Ingila. Ranar 22 ga Janairun 1901 da ta cika, yana gefen gadonta, ya tallafe ta da hannunsa na dama, mai lafiyar.